Jirgin Yaya Salisu da Na Raba Uku

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Salisu makwancinsa a hayin kogi, muka dawo unguwarmu Bronx, a nan New York, a mota ɗaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya koya mini tuƙin tasi a titunan da ko sunayensu ban iya faɗa ba. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa, kunya ce ta hana ni, domin akwai ɓarnar da na yi wa gidansa da hannuna, kuma sai bana Allah ya sa aka gyara ta.

Duk wanda ya san Yaya ya san shi da jirgin ƙasa. Mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne a Kano, da kukan jirgi muka tashi. A nan Yaya kanikancin bas ya yi, amma da ya tashi aiki sai ɗakin ƙasa na benensu a titin Grand Concourse, inda mai kula da gidan ya bar masa wani lungu. A nan ya shimfiɗa dogonsa na farin ƙarfe da tagulla. Kuma ba irin 'yan mitsi-mitsin jiragen wasan nan da ake ɗorawa a tebur ba. Nasa manya ne, kan jirgin kaɗai sai ka rungume shi da hannu biyu kamar jariri. In ka tambaye shi dalili, sai ya buɗe maka tafukan nan nasa na kanikanci ya ce, "Da waɗannan zan kama abin da bai fi kyankyaso ba?"

Duk shekara masu wannan sha'awa suna baje koli a wani katafaren zaure a wajen gari, kuma Yaya ba ya fashi. Sau ɗaya na raka shi, na kuma rantse ba zan koma ba. Mun sha tuƙi, mun sha layi, da muka shiga sai ga zaure maƙil da tebura, amma kusan duka na ƙananan jirage ne. Masu manya irin nasa an tura su can ƙurya kusa da ƙofar bayi, tebur uku ko huɗu. Wuni guda muka yi, abin da ya sayo shi ne ƙafar tarago guda biyu a 'yar leda. A hanya na ce masa, "Haba Yaya, don Allah wannan ce ta cinye mini ranar Asabar?" Ya yi dariya ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni in ci gaba da kiwon fasinja.

Da ya rasu, ni ne babba a dangi a nan, rabon gado ya faɗo kaina. Ya bar matarsa Hajiya Rabi da 'ya'ya biyu, Nasiru da Bilki. Komai ya tafi daidai har muka zo kan jirgin. Malamin da muka kira ya yi mini bayani sarai, ya ce abin da rabawa za ta kashe amfaninsa ana iya bar wa mutum ɗaya a daidaita wa sauran ta wani wajen, ko magada su riƙe shi tare. Laifin ba na shari'a ba ne, nawa ne. A idona kayan wasa ne, kuma ina gudun kada a ce Baffa ya fifita wani. Sai na raba shi yadda ake raba tukwane. Nasiru namiji ne, na ba shi kan jirgin da dogon gaba ɗaya. Bilki na ba ta taragu huɗu. Hajiya na miƙa mata taragon ƙarshe mai 'yar jar fitila. Na koma gida ina ganin na yi adalci, alhali na kashe jirgin ne.

Abin da ban sani ba, domin ban taɓa tambaya ba, shi ne Bilki ce 'yar ɗakin ƙasa. Ita ta tashi a gefen ubanta tana goge dogo, ita ta san hannun jirgin. Nasiru bai taɓa damuwa da shi ba. Da ya sami aiki a filin jirgin sama ya koma wani ɗan ƙaramin ɗaki a unguwar Jamaica ta nan New York, sai ya ajiye kan jirgin a saman kabad, dogon kuwa ya rasa inda zai sa, ya bai wa masu kwasar ƙarafa. Ranar da Bilki ta ji, ta kira shi ta faɗa masa maganganun da ba sa komawa ciki. Tun daga nan suka daina magana. Ranar Sallah in wannan ya zo gaida uwarsu da safe, waccan sai da yamma. Shekara biyar ana haka, ni kuwa ina cin tuwon gidan ina yi kamar ban ga komai ba. Wallahi abin ya ci mini rai, amma da-na-sani ƙeya ce.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yanzu komai a waya ake sayensa. Ƙafar taragon nan da ya kashe wuni a kanta, yau kana kwance za a kawo maka ita bakin ƙofa. Ina jin da zai yi murna da wannan, don shi ba mai gudun sabon abu ba ne. Amma da ya ga 'ya'yansa biyu suna auna lokaci don kada su haɗu a matakalar gidan uwarsu, ba su zai tuhuma ba. Ni zai kalla, irin kallon nan nasa na in ka ɗaure noti a karkace.

Masu baje kolin ba su san ya rasu ba, duk shekara katin gayyata na zuwa da sunansa. Bana Hajiya ta ajiye mini shayi, ta ɗora katin a gefen kofin, ta ɗora taragonta a kai. Ta ce, "Malam Habu, kai ka raba, kai za ka haɗa. Ni na gaji da girki sau biyu ranar Sallah." Ban yi musu ba. Na je Jamaica da ƙafata, na je unguwar Harlem wajen Bilki da ƙafata, kowanne na ce masa ni na yi kuskure, ina roƙon arzikin wuni ɗaya, ya zo baje kolin da kasonsa. Nasiru ya ce to, kansa a ƙasa. Bilki ta amsa mini da Turanci cewa saboda ni da Mama kawai za ta zo.

Da muka je, zauren ya rage cika, masu manyan jirage kuma suna nan a ƙuryarsu, sai dai gashin kansu ya ƙara fari. A wancan zuwan idona na kan tebura, shi ya sa ban lura da abin da ke bayansu ba. Ashe suna shimfiɗa dogo a ƙasa, zagaye mai faɗin da babu gidan haya a New York da zai ɗauke shi, kuma duk wanda ya zo da jirginsa ana ba shi lokaci ya ɗora. Wani dattijon Bature da Yaya ke kira Mai Hula yana ganin kan jirgin a hannun Nasiru ya gane shi. Ya tambaya ina mai shi. Da muka faɗa masa, sai ya cire hular ya daɗe a tsaye. Ya ce shi ne yake tsare wa Yaya kayansa in ya zagaya bayan labule yin sallah.

Aka ɗora kan jirgin, aka ba shi wuta, ya ƙi motsi. Nasiru ya durƙusa yana ta murɗe-murɗe, gumi na zubo masa, Bilki na tsaye da kwalinta tana kallon wani wajen. Da abin ya ishe ta sai ta ce da shi, da Hausa tsantsa, "Matsa, za ka karya shi." Kalmomin farko ke nan da ta yi masa a shekara biyar, ni kuwa ban taɓa jin faɗa mai daɗinsu ba. Ta kifa jirgin a cinyarta, ta ce ya riƙe mata nan, ya haska mata can. Ta goge ƙafafun, Mai Hula ya ɗiga mai. Suka jona taragu huɗu, suka maƙala na Hajiya a ƙarshe. Jirgin ya yi 'yar tangal-tangal, sannan ya miƙe. Ni dattijo da furfurata, a gaban Turawa, sai ga hawaye.

Wani lokaci mutanenmu masu irin wannan sha'awa sukan tambaye ni ko zuwa baje kolin yana da amfani ga mai manyan jirage. In sayayya ce za ta kai ka, zauna a gida, ƙuryar ba ta da yawa kuma masu ƙanana ne suka ci kasuwar. Amma babban jirgi yana son fili, yana son hannu fiye da biyu, yana son mutanen da za su gane shi bayan shekara bakwai. Wannan kam ba a aiko shi ta waya. Zumunta a ƙafa take, Yaya ya san haka, ni ne na tsaya lissafin tebura.

Na auna abin da ya bari, bai bar gida ba, bai bar suna a gari ba. Ya bar 'ya mai hannunsa, ya bar ɗa mai haƙurinsa, ya bar abokai a inda ban zaci muna da kowa ba. Na gode wa Allah da ya ba ni shi a matsayin wa, na gode wa Hajiya Rabi da ta ƙi rufa mini asiri. Allah ya jiƙan Yaya Salisu, ya haskaka kabarinsa.

Da aka tashi, na sunkuya zan mayar wa kowa da kasonsa a kwalinsa. Nasiru ya riƙe hannuna. Ya haɗa kan jirgin da taragu biyar a kwali ɗaya, ya saɓa a kafaɗa, ya tambayi ƙanwarsa inda ta ajiye mota. Sannan ya juyo ya ce, "Baffa, wannan karon ba kai za ka raba ba."