Gayyar Kande da Giyar da Ba Ta Kwana Ba

Bana shekaruna saba'in da takwas, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya kai shekara saba'in da aukuwa. A lokacin muna zaune a Bungudu, gidan kakarmu ta wajen uwa, Inna Dije. Idan an idar da sallar magariba sai ta tura itace a murhu, ta zube mana gyaɗa a faifai mu ɓare, domin a wurinta hannun da bai yi aiki ba kunnensa ba ya cin labari.

"Ku matso, ga ta nan tahe," in ji ta. "Wanda duk yay yi barci, ban maimaitawa."

Labarin da muka fi roƙonta shi ne na Kande, wata bazawara da ta zauna a wata tunga gindin duwatsu, tsakanin Bungudu da Tsafe, zamanin da mutanen wurin ba su karɓi Musulunci ba. Kasuwa ta yi musu nisa, saboda haka rarar dawarsu giya suke yi da ita, kuma babu wadda ta kai Kande iya dafawa. Takan jiƙa dawa, ta rufe da ganye har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, sannan ta bar ta a tuluna ta kwana biyu ta tashi.

Ana nan sai Kande ta musulunta, ta yi alkawarin ita da giya har abada. Damina ta faɗi, ciyawa ta taso wa gonarta, ga 'ya'ya huɗu. Ba ta da mafita sai gayya, watau ta kira mazan tunga su taru su nome mata. Amma al'adarsu, ba giya, ba gayya. In ba su zo ba, dawar bana ta tafi.

Sai ta yi tsiron dawa a idon kowa, ta kira gayya. Da asubar ranar ta dafa, ta tace. Maza suka iso da hantsi, sun sha tafiya, ƙishirwa ta kama su. Bisa al'ada sai rana ta take ake fito da abin sha, amma ita ta tare su da shi tun a bakin gona. Bawa, sarkin gayya, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya, saura ma haka.

A nan Inna takan ɓata fuska, ta kwaikwayi muryarsa: "Ke Kande! Mi nash sha? Wagga ba ta kwana ba, kunun yara ne!"

"Ba ta kwana ba, Baba, kuma ba ta kwana gidana. Amma ka sha ko ba ka sha ba?"

Ashe dokar kakanninsu ce, wanda ya sha daga ƙwaryar mai gona ba ya juyawa gida hauyarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Bawa ya dubi ƙwarya, ya dubi gona, ya ce, "Kin ci mu, ɗiyar nan." Suka duƙa suna gunaguni, makaɗi ya saki ganga, kafin la'asar sun fita ƙarshen gona, babu ko ɗaya da maye ya kwantar gindin kuka. Da za su tafi Bawa ya waiwayo ya ce, "In akwai saura, a ƙaro."

Mu dai dariya muke yi har gyaɗa ta zube. Sai da na girma, na yi aikin malamin gona a Gusau, na ga yadda mutum kan sake hali ya yar da mutanensa tare da tsohon halin, sannan na gane girman matar nan. Ta bar abin da ya wajaba ta bari, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma rasa maƙwabci ko guda ba. Ranar da na faɗa wa Inna haka, ta tsufa ƙwarai, ta yi murmushi ta ce, "Ai kakata ce. Daga gonar nan muka hito."

Ba ni kaɗai na ji wannan magana ba. Yayata Hajiya Asabe tana wurin, da ɗan kawuna Malam Isa na Nahuce, dukansu kuwa suna raye, ana iya tambayarsu.