Dabinon Baba Ashe Namiji Ne

Jiya ina tsaye a gindin dabinon da marigayi Baba ya shuka a gidanmu na Ɗanzomo, sai ga ƙanensa, Baffa Sale. Ni na kira shi ya taya ni murna, don bana ne bishiyar ta fara fure.

Ya ɗaga kai ya ƙare wa furen kallo.

Na ce, "Baffa, yaushe za mu fara ci?"

Ya ce, "Ɗana, wannan namiji ne, ba ya 'ya'ya. Sai dai a ɗebi garin furensa a barbaɗa wa mace. Na ce wa Yaya ya ciro tsiro daga gindin mace ya dasa, shi ke gadon uwarsa sak. Ya ƙi, wai sai ƙwallon da ya zo da shi daga Makka. Ƙwallo kuwa sa'a ce."

Har a ciwonsa na ajali Baba yana jan jiki ya ba dabinon ruwa, yana cewa jikokinsa za su yi buɗa-baki da shi.

Yanzu 'yan'uwana sun ce a sare, yana cin fili. Ni hannuna ya kasa ɗaukar gatari.

Da ku ne, za ku sare?