Shafukan da Aka Ƙunshe Daddawa da Su

A ƙauyenmu da ke gefen Minjibir, in ka ce Malam Dabo sai a tambaye ka wanne. In ka ce Dabo Kaboyi, kowa zai nuna maka gidan. Ya samo sunan ne tun yana saurayi, lokacin da ya yi shekara shida yana yagar tikiti a ƙofar wata silima a Kano. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya karɓi gona, ya shigo gari da kwali cike da littattafan kaboyi na gwanjo da ya riƙa tsinta a bakin titi. Da su ya ƙarasa Turancin da firamare ta soma masa.

Mutum ne mai gardama, amma a kan abu ɗaya. Malaman makarantarmu kan zo aron littafi, shi kuwa ba ya bayarwa sai ya cika ka da bayani.

"Fim garaje gare shi," in ji shi. "A koro shanu a guje kamar na sata. Wace saniya ce za ta isa kasuwa da tsoka a jikinta haka? Littafi ne zai gaya maka inda suka sha ruwa, da gonar wa suka tattake."

Mai son harbe-harbe yakan tura shi gidan kallo. Wanda ya ga alamar haƙuri a tare da shi, sai ya zaɓo masa mai kauri.

Akwai guda ɗaya da bai taɓa ba kowa ba. Labarin wani manomi ne mai rijiya a gonarsa, wani attajirin shanu yana son ya tashe shi. Dabo ya kusa ƙarshe damina ta kankama, ya ajiye littafin ya shiga noma. Matarsa Aina'u, mai sayar da daddawa, ta rasa takardar ƙunshi. Ta buɗe littafin ta duba da kyau, ba ta ga rubutun Arabiyya ko ɗaya ba, don haka babu laifi. Ta kuma yi masa kara, ta yaga daga baya, don a saninta bayan littafin 'yan makaranta shi ne ba a amfani da shi. Dabo ya bi gida-gida ya karɓo shafi uku, suna wari, babu na ƙarshe a ciki. Kwana biyu bai ci tuwonta ba.

Shekara talatin ke nan bai san ko manomin ya tashi ba.

Bana abubuwa biyu suka haɗe masa. Yanar ido ta soma rage masa gani, masu yanka fulotai kuma suka iso bakin iyakarsa. Ɗansa Munir ya matsa a sayar da gonar tunda ƙarfi ya ƙare. Dabo bai ce e ba, bai ce a'a ba, kullum sai "bari mu gani". Ni maƙwabcinsa ne, na san tsoro yake ji, kuma na san wani lokaci Munir yana da gaskiya.

'Yarsa Tahira, da ke koyarwa a Rijiyar Zaki, ta ɗauki hoton bangon littafin ta shiga cigiya. Littafin bai samu ba, amma ta gano an taɓa yin fim da shi. Ranar Asabar bayan la'asar ta zo da shi a waya, muka zauna gindin darbejiya, Dabo ya kanga wayar dab da hancinsa.

Fim ɗin bai damu da manomi ba. Sau biyu aka nuno shi, sauran duk na wani baƙo ne mai farar hula da bindiga. Aka yi harbe-harbe, attajiri ya faɗi, baƙo ya hau doki ya kama hanya.

"Shi ke nan, Baba," in ji Tahira. "Ba su faɗa ba."

"Koma baya kaɗan. Tsaya nan. Mene ne a bayan dokin?"

Ta buɗa hoton da yatsu biyu. Shinge ne da rijiya da fili.

"Akwai kunyoyin noma a filin?"

"Babu, Baba. Ciyawa ce har ƙugu."

Ya ce, "To, ya tashi ke nan."

Tahira ta ce ai masu fim wuri kawai suke samu su ɗauka, ciyawar ba ta cikin labari. Ya miƙa mata wayarta.

"Ko ma wane ne mai wurin, ya tashi. Manomi ba ya kwana a gari gonarsa ta zama haka."

Aina'u ta leƙo ta tambaya ko an ga ƙarshen. Ya ce an gani, kuma ta huta, ya yafe mata daddawa. A gabanmu ya kira Munir ya ce ya gaya wa masu fulotai su ƙara gaba.

Da safe na wuce ta gonarsa. Yana tsugune a tsakanin kunyoyi, fartanya a gefe, yana laluba ganye da yatsu don ya bambance gero da ciyawa kafin ya cire.