Kogin Volga Ya Daskare Kafin Su Sa Hannu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 17 ga Janairu, 1922, labari ya iske ni a birnin Kazan cewa Likita Minnigali Safiullin ya rasu a ƙauyenmu. Zazzaɓin ƙwarƙwata ne ya kama shi a hanyar kai wa mayunwata masara.

Yaya Minnigali, an ce in rubuta kalaman haƙuri. Ba ni da su, raina a ɓace yake.

Kai ka yi tafinta a zaman da gwamnatin juyin-juya-hali ta yi da masu agajin ƙasashen waje, ni kuwa magatakarda ne a gefenka. Baƙin suka ce ba su da ɓangare, amma da hannunsu za su raba abincin, kada ya ƙare a cikin sojoji. Namu suka ce duk baƙon da ya riƙe ludayi ɗan leƙen asiri ne. Jiragen ruwa na can maƙare da hatsi, kuma kowa a ɗakin ya san kogin Volga na dab da daskarewa, in ya daskare kuwa babu jirgin da zai wuce. Kowane ɓangare ya zuba ido sanyi ya karya masa ɗayan.

Ba na manta ranar da ka ture shayinka ka ce wa kwamishinan gwamnati, "Kwamared, ku ba Shaiɗan ma ludayin mana, in dai zai zuba." Ya ce kada baƙi su ji wannan. Ka juya ka fassara musu. Washegari aka sallame ka.

Sai da kogi ya zama dutse suka sa hannu a yarjejeniya. Har da ɗaukar hoto, ko kunya babu.

Kai kuwa ka sayar da agogonka, ka yi hayar 'yan dawakin da ba a riga an cinye ba, kana jigilar buhuna a kan ƙanƙara. Mahaifiyata ta aiko mini cewa da cokali ka riƙa ba ta kunu, kana tsokanarta: "A hankali, Inna, cikin nan naki ya manta aikinsa."

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Maftuha da 'yarka Gulsum, Allah ya ba su haƙurin da ni na rasa. Waɗanda suka ja zaman nan kuwa, ban yafe musu ba.

Har yau gawarka tana rumfar masallaci, a sahun sauran gawarwaki, domin babu namijin da ke da ƙarfin fasa daskararriyar ƙasa a ƙauyen. Allah ya bar wasunmu da rai har ƙanƙara ta narke, mu samu mu binne ka.