Kariyar Gwaggo Safara'u

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ana cikin kiran azahar, Allah Ya karɓi ran gwaggona Safara'u a gidanta da ke Haɗejia, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Yau kwana goma sha biyu ke nan, Gwaggo, kuma gabana faɗuwa yake duk sanda na shiga tsakar gidanki.

Ke 'yar Auyo ce, kin tashi cikin shinkafa da laka, sai aure ya kawo ki tudun gari, gidan da ko inuwar kirki babu. Kowa ya ce ba abin da zai tsiro a wannan ƙeƙasasshen fili. Shekara talatin kina ƙaryata su. Kin dasa lalle a jikin katanga, ƙamshin furensa har zaure. Kin bar filasko ya yi furensa ruwan ɗorawa. Ga wata 'yar ciyawa mai shimfiɗa da kike kira 'yar hantsi, don ba ta buɗewa sai rana ta ɗaga. A tsakiya kuma kariya, itaciyar nan mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda ke fitar da jan fure a tsakiyar bazara, lokacin da komai ya ƙone.

Ba amaryar da ta bar unguwar nan ba ki ba ta reshen kariyar a gwangwanin madara ba, tare da gargaɗin kada yara su taɓa farin ruwansa, guba ne. Ni ma kin ba ni da aka kai ni Kaugama. Cikin wata biyu na kashe shi da ban ruwa safe da yamma. Kika yi dariya har da hawaye.

"Bashira, mu jinin fadama ba mu iya so ba sai da bokiti," kika ce. "Wannan ba shinkafa ba ce. Sa yatsa a ƙasar. In kin ji sanyi-sanyi, wuce abinki."

To ga abin da ya faru, Gwaggo. Da aka zauna makoki, mata suka cika gidan, kowacce ta tashi alwala sai ta tsuguna a gindin kariyarki. In ta gama ta juye sauran butar, tana cewa Allah sarki, shukar marigayiya, kada ta bushe. Kwana bakwai, salla biyar. Ina kallo ban hana ba. Ni da kika koya wa, ni ma na zuba, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Shekaranjiya na danna gindin da yatsa, ya lotsa kamar gwandar da ta wuce nuna. Ganyen ƙasa sun fara zuba. Na tone ƙasar jikin saiwar don rana ta same ta, kamar yadda na taɓa ganin kin yi, amma ban sani ba ko na makara. Tsoro nake ji, wallahi. Mijinki Baba Yakubu idonsa ya yi rauni, abinci ma sai an lallashe shi, amma kullum da safe sai an ajiye masa kujera yana fuskantar itaciyar. Ban faɗa masa ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa Aljannar Firdausi ce masaukinki. Ina yi wa Baba ta'aziyya, da 'ya'yanki Misbahu da Kamila, da dangi na Auyo baki ɗaya. Masu zuwa addu'ar arba'in kuwa, don girman Allah ku yi alwalarku a bakin rariya.

Yau da safe Baba ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Tana nan dai ko?" Na ce tana nan, Baba. Ya Allah, kada Ka sa ya zama ƙarya na yi masa.