Warin Zaki a Cikin Ciyawa

A shekarata ta biyu a Dubai na samu aikin lambu a wani gidan namun daji. Ni da na baro Kano don gudun fartanya, sai ga ni ina tura baro cike da kashin raƙumin dawa. Masu wurin sun rage fesa wa ciyawa magani, wai yana cutar da dabbobi, sun koma takin gargajiya. Mu biyu aka ba aikin, ni da wani dattijo ɗan Damagaram da nake kira Baba. Shi ne mai tarin takin, shi ke cusa hannu ya ji ɗuminsa, ya ce ya nuna ko da saura.

Doka ɗaya aka kafa mana: kashin masu cin ciyawa kaɗai ke shiga tarin, na masu cin nama ƙone shi ake yi. Ni a wurina wannan iyayi ne kawai. A gida, da shara da toka da kashin awaki da na kaji, duk jaki ɗaya ke kai su gona. Wata rana zafi ya ishe ni, wurin ƙonawa kuma da nisa, sai na juye baro biyu daga kejin zakuna cikin tarin da ya kusa nuna, na rufe da ganye.

Muka baza shi a filin bareyi. Ciyawa ta fito kore shar, har shugabanmu yana ɗaukarta hoto. Amma da aka saki bareyin, sai suka ƙi taka ta. Suka cure a jikin wayar shingen filin, kunnuwa a tsaye, suna kallon filin da ba kowa a ciki. Kwana uku ba su ci ba. Duk wucewar da zan yi, sai in ga kamar ni suke kallo. A rana ta huɗu ƙaramarsu ta zabura ta daki wayar, ta karya wuya.

Tsoro ya kama ni sosai, don bizata a hannun masu wurin take, wanda aka kora kuwa sai jirgi. Na ga Baba ya durƙusa a filin, ya ɗebi ƙasa ya sansana, ya daɗe bai miƙe ba.

Da aka gwada ƙasar filin aka ga akwai kashin zaki a ciki, shugaba ya kira mu ofis ya tambaye mu wa ya yi. Baba ya ce tarin a hannunsa yake. Ni na sunkuyar da kai, na bar shi a haka. Shugaba ya ce halas, wato an gama da Larabcinsu, ya sallame shi.

Na je ɗakinsu a unguwar Al Nahda na taya shi ɗaure kaya, ina ta zagin masu wurin don in cika ɗakin da surutu. Ya bar ni na gama.

"Bon, ɗana, ya isa," ya ce da guntun Faransancinsu na Nijar, yana jan igiya. "Mu biyu ke taɓa tarin nan. Ni kuma na san ba ni ba ne."

Washegari aka ba ni matsayinsa, na karɓa.