Juma'ar da Na Ƙi Sauka Duba Mota

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni ne wawan wannan labari. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma irin wautar da na tafka ko mai digiri sai ya dage kafin ya kamo ni.

Ni Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, sana'ata tuƙi. Na yi shekara goma sha ɗaya a wata coci can gida. Ba zan kira sunanta ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba, ba su dai yi mini abin kai ƙara ba ne. Kun san su ai, masu yawo bibbiyu da farar riga da igiyar wuya irin ta ma'aikatan banki. A can ba a shan shayi, ba a shan kofi. Lahadin farko na kowane wata ana azumi, sai mutum ya tashi gaban jama'a ya ba da shaida, kuma kusan kowace shaida da kalma biyu take farawa: "Na sani." Na sani kaza gaskiya ne, na sani kaza gaskiya ne. Na gwanance har sababbin shiga a bakina suke koya. Wata Lahadi na tashi na ce "na sani", sai na ji can cikina ban sani ba. Na ƙara shekara biyu ina faɗa a hakan. Daga baya na ninke farar rigar na daina zuwa. Matata ta biyo ni ba gardama, ita dama waƙa ce take kai ta.

Sai wani likita ɗan garinmu ya samu aiki a Jidda, ya nemo mini kafili, wato wanda zai tsaya mini a takardun zama, na zo ina tuƙa shi. Matata ta samu aikin shara a wani ƙaramin asibiti, muka kama ɗaki a unguwar Sa'alaba. Na dubi teku na ce to, halas, shi ke nan, ga ruwa tsakanina da su.

A nan Juma'a ce Lahadinmu, don ita ce ranar hutu. Mukan taru a falon wani injiniya a unguwar Bani Malik, hawa na uku, mu goma sha wani abu. Ana shigowa ɗaya-ɗaya, takalmi a ciki ake ajiye shi ba a ƙofa ba, a ja labule, a yi waƙa ƙasa-ƙasa ba tafi. Ranar farko na ji daɗi ƙwarai. Har sai da injiniyan ya rufe Littafi Mai Tsarki ya ce, "Akwai mai shaida?"

Jama'a, na taɓa tuƙa motar da birkinta ya tsinke a gangare, ban ji abin da na ji a kujerar robar nan ba. Zuciya ta hau bugu kamar inji ba mai. Tafin hannu ya yi sanyi, harshe ya bushe, wuya ya shaƙe kamar an ɗaura mini igiyar nan an ja, alhali jallabiya ce a jikina. Na tabbata mutuwa ce ta zo, kuma a ƙasar mutane. Na tashi na ce zan duba mota. A matakala na zauna ina haki har aka tashi.

Mako na biyu haka, na uku haka. Wani lokaci ko kalmar shaida ba a kai ga faɗa ba, da an fito da gutsuren burodin ibada a faranti, yadda ake yi a tsohuwar cocina, sai abin ya taso. Duk Jidda babu motar da ta samu kulawa irin tawa.

Maigidana likita ya auna ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, zuciyarka ta fi tawa lafiya. Fargaba ce. In ta zo ka zauna, ka ja numfashi a hankali, za ta wuce da kanta." Na ji haushi. Fargaba? Ni da nake kutsawa titin Madina lokacin tashi daga aiki, hannu ɗaya a sitiyari?

Sai na haɗa nawa maganin. Maƙwabcinmu tela ne, mutumin Nijar, Musulmi, ya san ko ni wane ne bai taɓa tambaya ba. Kullum butar shayinsa tana kan gawayi. Na ce tunda abin da masu farar riga suka hana ke nan, da shi zan karya su. Safiyar Juma'a na zauna na sha na farko mai ɗaci, na sha na biyu, na sha na uku, na ce a sake ɗorawa. Na bi da gahawa.

Telan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Dattijo, lafiya? Kana shan shayin nan kamar da shi kuke rigima."

Na ce, "Zuba kawai, malam. Akwai waɗanda nake nuna wa."

Ranar ko waƙar farko ban kai ƙarshenta ba. Hannuna na rawa har makullin mota na kaɗawa kamar ƙararrawa.

Ana cikin haka aka yi wa matata tiyata a ciki. Ta sha wuya, Allah ya tashe ta. Da ta fara takawa sai ta ce, "Baban yara, Juma'ar nan zan tashi in yi godiya. Shekara talatin ban taɓa magana gaban jama'a ba. Ina so in waiwaya in gan ka a kujera. In ka sauka duba mota, ka shige ta ka tafi, zan nemi tasi."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya tsorata ni ke nan.

Ranar ban sha komai ba sai ruwa. Muka zauna, na zaɓi kujerar da ta fi nisa da ƙofa don in kunyata ƙafafuna. Aka yi waƙa, aka yi karatu. Injiniya ya rufe Littafi. "Akwai mai shaida?"

Abin ya zo, cikakkensa. Kafin matata ta gyara zani ta yunƙura, sai na gan ni a tsaye. Ban yi niyya ba, jikin ne ya tuna aikinsa na da. Bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Na sani..."

Na kama bakin nan na tsayar da shi. Gumi na bi ta bayana.

Na ce, "A'a. Ban sani ba. 'Yan'uwa, ban san komai ba. Motata lafiyarta ƙalau, ƙarya nake muku. Tsoro nake ji, yanzu haka ji nake zan faɗi. To in faɗi. Ba wanda zai ƙara sa ni in ce na san abin da ban sani ba, kuma ba wanda zai kore ni daga kujerar nan. Na zo ne in ji matata."

Na koma na zauna daɓas. Wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini ruwa. Na ja numfashi yadda likita ya ce, ina jin haushin cewa yana aiki. Matata ta tashi, hannunta ɗaya dafe da kafaɗata, ban sani ba ko jingina take ko danne ni take. Ta yi godiyarta, ta gode wa Allah, ta gode wa masu kawo mata miya. Na ji kowace kalma. Bugun bai tafi ba, har yau yakan leƙo, amma aka yi addu'ar rufewa ina zaune.

A mota kuwa sai kaina ya kumbura. Muna tsaye a danja na buga sitiyari na ce, "Maman yara, kin ga yadda na yi da su? Gaba da gaba! Yau sun san da namiji suke yi."

Ta gyara ɗaurin kallabinta, ko dubana ba ta yi ba.

Ta ce, "Su wa? Na ƙirga mutanen falon nan, babu ko ɗayansu. Tun da ka ninke rigar ba wanda ya biyo ka. Kai ka ɗauko su ka kawo su Jidda, kai kake ba su masauki. Kai ne kafilinsu. Yalla, mu je, an ba ka hannu, tuƙa."